Allura Ma Ƙarfe Ce: Maikro-RNA da Zuciyar Mai Jego a Ƙasar Ikara

Ran 7 ga watan Oktoba na 2024 aka ba da sanarwa daga ƙasar Suwidin cewa kyautar Nobel ta fannin likitanci ta faɗa hannun waɗansu Amurkawa biyu, Victor Ambros da Gary Ruvkun, saboda wani abu da suka gano a jikin tsutsa. Ita tsutsar tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, abin da suka tono a cikinta kuwa ko madubin likita ba ya nuna shi. Labarin bai ta da ƙura a ɗakunan kwananmu ba, ban kuwa ga laifin kowa ba, gama hankalin ɗalibi yana kan kuɗin makaranta, na ƙaramin ma'aikaci kuma yana kan farashin tiyar masara. Amma ni a ganina, in akwai ƙasar da ya wajaba ta kasa kunne ga wannan labari, to ƙasar Zazzau ce, tun ba ma arewacinta ba, watau Ikara da Makarfi da Kudan. Dalilin kuwa ba ya inda mai karatu zai fara neman sa, saboda haka sai a yi haƙuri mu bi hanya mai ɗan zagaye.

Abin da suka gano sunansa maikro-RNA. Wanda ya taɓa zama a ofishin gwamnati ba zai sha wuyar gane aikinsa ba. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai babban kundi wanda ake kira DNA, inda aka rubuta yadda za a ƙera duk wani furotin da jiki ke bukata. Kundin nan ba ya barin ɗakin ajiya. In ana son wani furotin, sai a kwafi shafinsa a kan takardar umarni, ita ce RNA mai ɗauke da saƙo, a aika da ita wurin maƙera. Shekara da shekaru masana suna tsammanin da zarar takarda ta fita, aiki ya tabbata. Sai a 1993 Ambros da abokan aikinsa, da Ruvkun a nasa ɗakin binciken, suka nuna cewa a kan hanya akwai wani ɗan ƙaramin akawu, guntun RNA mai haruffa kamar 22 kacal, wanda ba ya ƙera kome, aikinsa kawai ya kama takardar umarni ya zauna a kanta, ko ya sa a yayyaga ta. Da farko an ɗauka abin na tsutsa ne kaɗai. A shekarar 2000 sai Ruvkun ya gano na biyu, kuma aka same shi a ƙuda da kifi da ɗan Adam. Yau an san mutum yana da irin waɗannan akawuna fiye da dubu, kowane guda yana iya riƙe takardu iri-iri masu yawa. Duk wanda fayil ɗinsa na ƙarin girma ya taɓa kwana wata shida a kan teburin wani, ya san cewa mai riƙe takarda wani lokaci ya fi mai sa hannu iko.

To, me ya haɗa wannan da zuciya? Zuciya tsoka ce, amma tsoka ce mai rowar haihuwa. Fata in ta yanke takan haɗe, hanta in an yanki wani sashe nata takan tsiro, jini kuwa kullum sabunta shi ake yi. Zuciya ba haka take ba. A 2009 waɗansu masana a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka yi wata dabara mai ban mamaki: suka yi amfani da burbushin sinadarin da gwaje-gwajen bama-baman nukiliya na shekarun 1950 da farkon 1960 suka watsa a iska, wanda ya shiga abinci ya shiga jikin mutanen da suka rayu a lokacin, suka ƙidaya shekarun ƙwayoyin zuciya da shi. Suka tarar mai shekara 25 yana sabunta kamar kashi 1 cikin ɗari na ƙwayoyin tsokar zuciyarsa a shekara, mai shekara 75 kuwa bai kai rabin haka ba. Ma'ana, fiye da rabin ƙwayoyin da ke bugawa a ƙirjin tsoho, tun yana jariri yake tare da su.

Abin da muke kira bugun zuciya shi ne toshewar ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da ita kanta tsokar zuciyar. Jini ya daskare a inda kitse ya riga ya ƙuntata hanya, sai yankin da ke gaba ya rasa iska. Tun a 1977 aka nuna, a gwajin da aka yi da karnuka a Amurka, cewa mutuwar ba a lokaci guda take aukuwa ba. Takan fara bayan kamar minti ashirin daga cikin bangon zuciya, ta riƙa ci tana yo waje kamar wutar daji, cikin sa'a uku zuwa shida ta cinye mafi yawan abin da za ta ci. Babban bugu ɗaya yana iya hallaka ƙwayoyi wajen biliyan guda, a bar tabo a gurbinsu, tabo kuwa ba ya bugawa. Amma tsakanin inda ya ƙone ƙurmus da inda ke lafiya akwai wani yanki na kan iyaka, inda ƙwayoyin suka jigata amma ba su mutu ba. Da yawa daga cikinsu ba yunwar iska ce ke ƙarasa su ba, su da kansu ne ke buɗe wani tsari na kashe kai da ke rubuce a kundinsu. A nan ne akawunan nan suke da ta cewa. Wanda ake kira miR-24 yana zama a kan takardar wani furotin mai ba da umarnin mutuwa, saboda haka yawansa alheri ne. Haka miR-499. Shi kuwa miR-34a, wanda masana a Farankfot ta Jamus suka nuna a 2013 cewa yana ƙaruwa da tsufa, takardun masu gyara yake riƙewa, da aka toshe shi a jikin ɓeraye sai mutuwar ƙwayoyi ta ragu, zuciya ta fi farfaɗowa. Dangin miR-15 su ma haka, kuma su ana zarginsu da wani laifin daban. Ɓeran da aka haifa yau, in aka yanki ƙarshen zuciyarsa, takan tsiro ta koma daidai, amma in ya kwana bakwai wannan baiwa ta tafi, kamar yadda aka nuna a Dalas ta Amurka a 2011, kuma dangin miR-15 suna cikin masu rufe wannan ƙofa.

Daga nan sai buri ya ƙaru. In ana iya hana ƙwaya mutuwa, me zai hana a sa ta haihu? A 2012 ƙungiyar Mauro Giacca a Tiriyeste ta Italiya ta gwada ɗaruruwan maikro-RNA ɗaya bayan ɗaya, ta sami arba'in da ke sa ƙwayar zuciya ta rabu biyu. A 2019 suka ɗauki guda daga ciki, miR-199a, suka sa wa aladun da aka jawo wa bugun zuciya, don zuciyar alade ta yi kusa da ta mutum a girma. Bayan wata guda abin sai wanda ya gani: tabo ya ragu, tsoka ta ƙaru, bugu ya yi ƙarfi. Wajen mako na bakwai zuwa na takwas kuma sai mafi yawan aladun suka faɗi matattu farat ɗaya, saboda ƙwayoyin sun ci gaba da haihuwa ba linzami, sun rikita tsarin bugawar zuciyar. An buɗe famfo ba a tanadi abin rufe shi ba. Akwai ma wani abin lura. Shi miR-34a ɗin nan da likitan zuciya ke son toshewa, likitan ciwon daji so yake ya ƙara shi, don yana kashe ƙwayoyin daji. An gwada maganin da ke ƙara shi a jikin mutane, aka dakatar da gwajin a 2016 bayan waɗansu majinyata sun rasu sakamakon tunzurin garkuwar jiki. Duk da haka kuɗi bai daina kwarara ba. A 2024 kamfanin Novo Nordisk ya sayi wani ƙaramin kamfanin Jamus mai suna Cardior, wanda ke gwada maganin toshe miR-132, a kan kuɗin da zai iya kaiwa Yuro biliyan ɗaya da ɗoriya. Amma har yau babu maganin maikro-RNA ko ɗaya da hukumomin magunguna suka amince a sayar wa mai ciwon zuciya. Duk wanda ya zo muku da kwalba ko da talla a waya yana cewa nasa yana sabunta zuciya, ku riƙe aljihunku.

Na san abin da wani ɗan'uwa zai ce a nan, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce, malam, dattijon da ƙirji ya kama a gonar rake a Hunkuyi, ko a kasuwar Paki, ina ruwansa da aladun Italiya? Za a fara cewa gyambon ciki ne, a ba shi kanwa ko madara. In abin ya ƙi, a kira mai kemis. Kafin a yanke shawarar neman mota, a biyo ta Makarfi da Tashar Yari a kama hanyar Shika, sa'o'i shidan nan sun daɗe da wucewa, wuta ta gama cin abin da za ta ci. Abin da zai cece shi ba sabon ilmi ba ne. Tun 1988 wani gagarumin gwaji da aka yi da majinyata 17,187 ya nuna cewa asfirin, wannan dai da ke kowane shago, yana rage mutuwa bayan bugun zuciya da kamar kashi 23 cikin ɗari, in an haɗa shi da allurar narkar da daskararren jini kuwa ragin ya haura kashi 40. Abin da ake bukata shi ne na'urar ECG mai aiki a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, da ma'aikacin da ya iya karanta ta da tsakar dare, da awon hawan jini kyauta a ranar kasuwa, tun da kusan ɗaya cikin uku na manyan mutanen ƙasar nan yana da hawan jini, da yawa ba su sani ba. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi don lafiya, mai masaukin baƙin ma bai taɓa cikawa ba. Duk wannan na yarda da shi. In maganar bugun zuciya ce kaɗai, da sai in ce a bar masu kuɗi su yi ta gwajinsu, mu mu sayi asfirin da man motar ɗaukar marasa lafiya.

Sai dai akwai wani ciwon zuciya wanda ya fi bugun zuciya sanin hanyar gidajenmu, kuma ba dattijai yake kamawa ba. Mace ce 'yar shekara ashirin ko talatin, ta haihu lafiya, an yi suna an watse. Bayan 'yan makonni sai ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura, tari ya hana ta barci, in ta kwanta numfashi ya gagara sai an jingina ta da bango. A wani gida a ce sanyi ne ya shige ta don ba ta yi wanka da kyau ba, a ƙara wuta. A wani gida a ce iska ce, ko sammu. Alhali kuwa tsokar zuciyarta ce ta saki, ta buɗe kamar tsohuwar salka, ta kasa tura jini.

Duniyar likitanci a Zariya ta ga wannan ciwo da yawan da ba ta taɓa gani ba. A farkon shekarun 1970, lokacin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Tudun Wada, Farfesa Eldryd Parry da Dokta Neil Davidson suka tattara bayanin mata 224 da suka zo da shi cikin shekara uku, suka buga cikakken rahoton a 1978. Suka ƙiyasta cewa yana kama kamar mace ɗaya cikin kowace ɗari da ta haihu a tsakanin Hausawan Zariya, alhali a Turai sai a duba haihuwa dubbai kafin a sami guda. Suka lura kusan dukkan matan Hausa-Fulani ne, kuma ciwon ya fi yawa wajen watan Yuli. Da suka nemi dalili sai idonsu ya faɗa kan al'adar jego: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa kwano-kwano. Hujjarsu mai kyau ce. Kanwa cike take da sinadarin gishiri mai riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata ya tilasta wa zuciya ƙarin aiki, ga jikin da bai gama sauke ruwan ciki ba. An ci gaba da bin sawun matan nan fiye da shekara ashirin, aka ga da yawansu sun kamu da hawan jini. Wannan aiki ne da ya kamata kowane ɗalibin jami'ar nan ya san da shi, ko da Larabci yake karantawa, don yana cikin abubuwan da suka sa sunan Zariya a littattafan likitanci na duniya.

Amma bayani in ya yi daɗin faɗa yakan hana tambaya. Shekara arba'in ana koya wa ɗalibai cewa wankan jego da kanwa su ne ciwon, kuma wannan ya yi wa kowa sauƙi: laifin ya koma kan kaka da ungozoma, gwamnati ba ta da abin yi sai wa'azi a rediyo. Sai ga Farfesa Kamilu Musa Karaye na asibitin Malam Aminu Kano da abokan aikinsa sun sake duba lamarin da na'urar hoton zuciya, suka tattara mata 406 daga asibitoci 22 a faɗin Nijeriya, suka buga sakamakon a 2020. Ciwon yana nan daram: a Kano mace ɗaya cikin haihuwa 96, kusan daidai da abin da aka samu a Sakkwato a 2007, watau ɗaya cikin 102. Fiye da kashi biyu cikin uku na matan daga Arewa maso Yamma suke. Amma da aka gwada su da takwarorinsu masu jego lafiyayyu, wankan ruwan zafi da kunun kanwa ba su fito a matsayin abin da ya bambanta su ba, tun da masu lafiyar ma suna yi. Abin da ya fito shi ne rashin karatun boko, da rashin sana'a, da rama, da hawan jinin masu ciki. A taƙaice, talauci.

Kada a ji wannan a ce na wanke kanwa. Mace mai raunin zuciya in aka ɗura mata kanwa aka gasa ta da wuta, tabbas an ƙara wa jaki kaya, kuma ƙunar da ruwan zafi ke yi wa mata ita kaɗai ta isa dalilin a sassauta. Abin da nake cewa shi ne kanwa tana iya zama mai tura wanda ke bakin rijiya, amma tambayar ita ce wa ya kai shi bakin rijiyar. Su Karaye sun sami wani zaren: jinin matan da ke da ciwon yana da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam, wanda jiki ke amfani da shi wajen kāre ƙwayoyi daga tsatsar da iska ke jawowa. A wani ƙaramin gwaji da suka buga a 2020, waɗanda aka ba seleniyam wata uku sun fi samun sauƙin alamomin ciwon. Wannan ba baƙon labari ba ne a duniya. A gundumar Keshan ta ƙasar Sin an yi fama da wani ciwon zuciya mai kashe yara da mata masu haihuwa tun 1935, har aka gano ƙasar nomansu ce ba ta da seleniyam, aka shiga raba shi a shekarun 1970, ciwon ya ja baya. Shi seleniyam daga ƙasa yake shiga hatsi, daga hatsi ya shiga jini. Matar da tuwonta da kununta duk daga gona guda suke fitowa, abin da ƙasar gonar ta rasa ita ma ta rasa shi.

Yanzu mun iso inda hanyoyin biyu suka haɗu. A 2007 Denise Hilfiker-Kleiner ta Hanoba a Jamus ta nuna cewa in wannan tsatsa ta yi yawa a zuciyar mai jego, wani sinadari yakan datse furolaktin, watau sinadarin da ke kawo ruwan nono, ya fitar da wani guntu mai guba wanda ke lalata ƙananan jijiyoyin jinin zuciya. A 2013 kuma masana a Liyej ta Beljiyam, tare da ita, suka gano ɗan aiken da gubar ke amfani da shi. Guntun nan yana sa bangon jijiya ya ƙera miR-146a da yawa, ya ƙulla shi a cikin 'yan ƙananan jakunkuna, ya aika wa ƙwayoyin tsokar zuciya. Su kuma in sun haɗiye, sai akawun ya zauna a kan takardun da ke riƙe da ƙarfinsu da rayuwarsu. Suka auna jinin mata masu ciwon suka tarar miR-146a ya hau sama, fiye da na masu jego lafiyayyu, fiye ma da na masu wani irin ciwon kumburin zuciya. Ga alama ke nan ta gane ciwon a jini.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci gare mu. Tun da furolaktin ne tushen gubar, an gwada wani tsohon magani mai arha, bromokiriftin, wanda ke tsayar da shi. An fara da mata 20 a Afirka ta Kudu a 2010, aka yi a Jamus, aka yi a Burkina Faso, sakamakon ya ba da ƙarfin gwiwa. Amma maganin yana ƙafar da nono. A Hanoba wannan ƙaramar magana ce, a ba jariri madarar gwangwani. A Saulawa ko Gubuci ko Likoro fa? Gwangwani guda ya fi ƙarfin aljihun maigida, ruwan da za a dama shi daga rijiya yake, gudawa kuwa tana jira a bakin ƙofa. Likita a nan yana tsaye ne tsakanin zuciyar uwa da cikin ɗa. To, a gwajin nan na 2013, da aka toshe miR-146a kaɗai a jikin ɓeraye, zuciya ta sami sauƙi kuma uwayen suka ci gaba da shayar da 'ya'yansu. Ɓera dai ba mace ba ce, kuma aladun Italiya sun koya mana kada mu yi guɗa tun ango bai iso ba. Amma a duk faɗin wannan fanni, ban ga tambayar da amsarta ta fi shafar matan Ikara da Makarfi da Kudan kamar wannan ba.

Wa zai bi ta? Kamfanin da ya zuba Yuro biliyan guda yana neman maganin da miliyoyin tsofaffin Turai da Amurka masu inshora za su saya. Ciwon da ke kama mace ɗaya cikin dubbai a can ba kasuwa ba ne. A nan ne yake ɗaya cikin ɗari, nan kuwa ba kuɗi. Saboda haka in ba mu yi ba, zai zauna a mujallu yana jiran mai tausayi. Kuma kada a ce mana abin ya fi ƙarfinmu. Ƙera magani ya fi ƙarfinmu a yau, na yarda. Amma auna maikro-RNA a jini da na'urar PCR ake yi, irin wadda aka cika ƙasar nan da ita a 2020 lokacin annobar korona, kuma jami'ar nan tana da cibiyoyin da suka san aikinta tun kafin annobar. Maikro-RNA yana da juriya a jini fiye da sauran danginsa, ana iya ɗibar jini a Ikara a sa a ƙanƙara a kawo Samaru. Tambayoyin ma a fili suke. Shin miR-146a yana hawa a jinin matanmu kamar yadda ya hau a na Jamus? Yana hawa tun kafin ƙafa ta kumbura, yadda za a iya gane mai haɗari tun tana zuwa awo? Yana da alaƙa da ƙarancin seleniyam? Ita kuma ƙasar noman Ikara da Kudan, da masarar da dawar da take bayarwa, nawa ne seleniyam ɗinsu? Wannan ta ƙarshe ba ta likita ba ce ma, ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ce da ke nan Samaru, wadda ta fi shekara ɗari tana auna ƙasar Arewa. Tsakanin ofishinsu da Shika tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Ɗalibin digiri na biyu da ke neman abin da zai rubuta a kai, maimakon ya sake auna ganyen da mutum goma suka riga suka auna, ga aiki nan.

Sai dai ina tsoron abu guda, don mun san halinmu. Da zarar an ce bincike, sai a rubuta takardar sayen na'ura, a yi bikin buɗewa, a yanka kirtani. Mutanen Ikara ba sa bukatar a ba su labarin yadda wannan ke ƙarewa: kamfanin tumatir da aka kafa musu a 1981 ya shafe shekaru masu yawa a rufe, injuna a ciki, tumatir yana ruɓewa a bakin hanya. Abin da ya sa aikin su Parry ya rayu har yau ba na'ura ba ce, don ba su da abin da ya kai wayar da ke aljihunka. Rajista ce. Sun rubuta sunan kowace mace da ƙauyenta, suka bi ta shekara bayan shekara. Binciken maikro-RNA bai da amfani in ba a san wace ce mai jinin ba, yaushe ta haihu, me hoton zuciyarta ya nuna, tana raye bayan shekara ko ta rasu. Wannan kuwa aikin ma'aikacin lafiya ne na ƙauye, irin waɗanda makarantar koyon aikin lafiya ta Makarfi ta daɗe tana yayewa, da akawun da ke ajiye kati, da jami'in da ke sa hannu a kuɗin man babur. Kuma wajibi ne a yi shi da yardar matan da ta mazajensu, a faɗa musu da Hausa abin da za a yi da jininsu, a koma a gaya musu abin da aka gani. In jinin zai ƙetare teku, a rubuta sharaɗi tun farko, sunan namu masanan ya hau kan aikin, sakamakon ya dawo gida.

Ku kuma 'yan'uwa da kuka fara aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma ko a ma'aikatar lafiya a Kaduna, kun ga dalilin da ya sa na kwatanta maikro-RNA da akawu. Takardar neman na'urar hoton zuciya ta tafi-da-gidanka, wadda yanzu ake haɗawa da waya, da ta tura ma'aikata biyu su koyi aiki da ita, da ta sa awon jinin mai jego a mako na biyu da na shida cikin aikin kowace ƙaramar asibiti, duk ta kan teburinku za su bi. Magungunan da ke riƙe irin wannan zuciya, masu fitar da ruwa da masu sassauta mata aiki, tsofaffi ne masu arha, kuma mata da yawa zuciyarsu takan komo daidai in an fara da wuri. Wadda ba ta komo daidai ba kuwa, ciki na gaba yana iya zama ajalinta, saboda haka dole a zauna da mijinta a yi masa bayani, ba ita kaɗai ba.

Hutu yana tafe, yawancinmu za mu koma gida, kuma da wuya a rasa mai jego a gidan ko a maƙwabta. In ka ga ƙafarta ta kumbura har yatsa yana lotsawa, ko tana haki daga ɗaki zuwa madafa, ko tana tashi cikin dare tana neman iska, ko ba ta iya kwanciya sai a jingine, to ka sami Inna ko Gwaggo cikin ladabi, ka roƙa a dakatar da kanwa a rage wuta, ka sami maigidan ku nemi mota a ranar. A asibiti kuma kada ku tsaya a kan maganin tari. Ku ce ta haihu kwana kaza da suka wuce, ku nemi a auna jininta, a saurari ƙirjinta, a rubuta muku takardar zuwa inda za a ɗauki hoton zuciya.